Kofi Mai Jan Zare

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar wata Alhamis al'amarina ya fara lalacewa, a rumfar duwan, wato kwastan Nijar, da ke tsallaken Maigatari. Na riƙe lokacin ne domin agogon hannuna na ƙura wa ido, gudun kada in dubi ma'aikacin da ya zazzage jakata a kan teburi. Ranar kasuwa ce, rumfar maƙil da fatake da masu awaki, kowa na jiran a sallame shi. Ya ture littattafaina gefe guda. Ya ɗaga kofina na ƙarfe mai jan zare a mariƙi, ya leƙa cikinsa, ya ajiye. Sannan ya zaro ledar magani.

"Duk wannan naki ne, ɗiyata?"

"Nawa ne."

"Na mene ne?"

"Ciwon kai," na ce.

"Ciwon kai har leda guda? Kai nawa gare ki?"

Aka yi dariya a bayana. Shi bai yi ba. Ya ce ko in nuna takardar likita, ko in gaya masa sunan ciwon ya kira ma'aikacin jinyar da ke rumfar gaba ya duba, in ya dace in kwashe kayana in tafi. Ba zalunci ya yi mini ba, hanya ya ba ni. Takardar tana Gumel cikin akwatin Inna, da gangan na baro ta. Sunan kuwa ya zo mini har maƙogwaro ya tsaya. Ya jira. Da ya gaji sai ya ware mini kaɗan, ya jefa sauran cikin wani kwali a ƙarƙashin teburi, ya ce na gaba.

Farfaɗiya gare ni. Yanzu ina iya rubuta kalmar, amma a ranar ban taɓa furta ta da bakina ba. A gidanmu "abin nan" ake ce mata. Ina ƙarama ta fara kayar da ni, a rugar kakata da ke bayan Sule Tankarkar, muna tsakar shan nono da 'ya'yan kawuna. Da na farfaɗo na tarar an zubar da nonon, an kifa ƙwaryar, yara sun tsaya daga nesa. Mutanenmu sun yarda yawun mai wannan ciwo yana sa wa wani. Da muka koma Gumel sai Inna ta sayo kofi, ta ɗaura masa jan zare, ta buga masa ƙusarsa daban a jikin bango. Ba ƙyama ce ta sa ta ba. Idan tsakar gida ba kowa, ita ke cinye ragowar tuwona. Don baƙi ta yi, kada wata ta fasa shan ruwa a gidanmu.

Da na girma na karanta a littafi cewa ba a ɗaukar ciwon, na kai wa Baba shafin. Ya karanta har ƙasa, ya cire tabarau, ya ce, "Na sani, Bilki. Amma ba ni kaɗai ke shigowa gidan nan ba." Bayan na gama sakandare na sami aiki a wani kantin magani kusa da kasuwa. Sau ɗaya na faɗi a bayan kanta. Kashegari mai kantin ya zo wajen Baba da ladabinsa, ya ce bai taɓa samun mai tsara kaya kamar ni ba, sai dai mata sun daina karɓar magani daga hannuna. Wannan ne ya sa na nemi makarantar koyon aikin awon jini a Yamai. Ina son garin da ba wanda ya taɓa ganina a ƙasa.

Bayan an sallame ni daga rumfar duwan, a motar Damagaram wata 'yar kasuwa mai suna Hajiya Zuwaira ta zauna kusa da ni. Ta ga abin da ya faru a rumfa, ba ta tambaye ni komai ba. A Dungas ta sayi fura, ta sha, ta miƙo mini ludayin, na ce na ƙoshi. Da muka isa, ta ji cewa motar Yamai sai da asuba, ta ce ɗiyar mutane ba za ta kwana a tasha ba tana raye. A gidanta aka kawo kunu a kwano ɗaya da ludayi biyu. Na daɗe ina juya hannu cikin jaka kafin in fito da kofina. Ta dube shi, ta dube ni, ta karɓa ta ɗauraye da kanta, ta cika shi.

"Kowa da abin da ya ɗauko daga gida," in ji ta. "Sha."

Ban sake ganinta ba, amma har yau ina sa ta a addu'a.

Hanyar Yamai doguwa ce. Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Doso, ko'ina sai an sauke mu an duba takardu, ni kuwa duk tsayawa ina rungume da ɗan maganin da ya rage a cikin hijabi. Bayan Doso Hausa ta fara ƙaranci a bakin masu talla. Faransancin da na koya a littafi kuma ya ƙi fitowa, ina fahimtar abin da aka ce, in na buɗe baki sai kunya ta rufe shi.

Mutumin da Baba ya bi ta hannunsa ya yi alkawarin ɗaki a cikin makaranta. Da na je aka ce makarantar ba ta taɓa yin ɗakin kwana ba, lambarsa kuma ta daina shiga. Ina zaune bakin ƙofa a kan akwatina wata doguwar yarinya ta tsaya a kaina tana cin gyaɗa.

"Ke kuma wa ya mutu?"

Ita ce Ramatu, 'yar Tawa, ajinmu ɗaya. Kafin la'asar ta ɗora akwatina a kanta ta kai ni ɗakin da take haya, ta ja katifarta gefe ta ba ni rabin wuri.

Ramatu ba ta iya cin abinci ita kaɗai ba. In ta yi dambu da zogale sai ta juye a faranti ɗaya, ta ƙwala wa 'yan matan maƙwabta kira, a zauna a sa hannu. Ni sai in ɗebi nawa a ɗan kwano, in koma lungu da littafi. Ruwan randa kowa da moɗa ɗaya yake sha, ni da kofina. Da farko abin dariya ta mai da shi.

"Gimbiyar Gumel, a kawo miki cokali mai yatsu? Ko a shimfiɗa miki darduma?"

Nakan yi murmushi in sunkuyar da kai. Na san abin da littafi ya ce, na ma fi su sani. Amma duk lokacin da na yi niyyar sa hannu a farantin, sai in ga ƙwaryar nan a kife. In suka sani daga baya fa, suka tuna sun ci tare da ni? Gara a ce ina da girman kai. Bayan 'yan makonni Ramatu ta daina tsokanata, kuma daina tsokanar ta fi tsokanar ciwo.

Magani yana ta raguwa. Ban iya gaya wa gida ba, domin ɗan maraƙinta Inna ta sayar kafin a haɗa wancan ledar, kuma in na ce an karɓe za a tambaye ni dalili. Duk ranar Juma'a takan kira, tambayarta ta farko ba ta canzawa: "Kina shan abin nan?" In ce ina sha. In na ajiye wayar sai kewar gida ta taso mini, har ƙarar masu adaidaita a bakin kasuwar Gumel nake marmari. Na fara raba ƙwaya biyu da reza, ina daidaita rabin da kyau kamar daidaitawar za ta mai da shi cikakke. Kantunan magani na gaskiya sun ce sai da takardar likita. Likitocin kuwa suna asibitin da aka tura mu koyon aiki, inda kowa ya san fuskata.

Sai na je wajen wani mai tallan magani a bakin tasha, irin masu jera kwalaye a tire kamar hasumiya. Na nuna masa tsohon kwalin.

"Akwai, malama, har wanda ya fi shi ƙarfi."

Bai tambaye ni na mene ne ba, abin da ya sa na saya ke nan. A ɗaki na goga babban yatsa a kan rubutun kwalin, tawadar ta biyo yatsana. Ƙwayar tana marmashewa kamar alli. Na gane sarai. Na haɗiye duk da haka, safe da yamma, don in sami abin da zan gaya wa Inna.

Ɗakin awon da aka kai ni tare da Ramatu, labo suke ce masa. Shugabar wurin Madam Fati ce, Bazabarmiya, gajera, Hausarta a karye amma ba ta ɓata kalma. Aikin ya shiga raina tun ranar farko. A shafa ɗigon jini a ɗan gilashi, a rina, a sa a madubin awo, a nemi ƙwayar zazzaɓi a nutse. Aiki ne na mai shiru. Wata rana Madam ta duba gilashin da na ce akwai ƙwaya bayan wani ya ce babu, ta ɗago ta ce, "Gumel, idonki yana da kyau." Na yi kwana uku ina jin daɗin maganar. In na gama watannin koyon aikin nan ta sa mini hannu, shi ke nan na zama ma'aikaciya. In ba ta sa ba, maraƙin Inna ya tafi a banza.

Akwai kuma shayi. Da tsakar rana, in layin marasa lafiya ya ragu, babban ma'aikacin labo, Baba Isufu, yakan hura gawayi a gindin dogon yaron da ke bayan ɗakin, ya ɗora 'yar butarsa shuɗiya. Kowa sai ya fito, daga Madam har mai shara. Finjali ɗaya gare shi, ɗan ƙarami na gilashi. Ya zuba, ya miƙa wa na damansa, a shanye a mayar masa, ya sake zubawa ya miƙa wa na gaba, har a zagayo. A nan ake rabon aikin gobe, a nan ake sulhu, a nan ake jin wa ya haihu. Baba Isufu Babarbare ne daga Gure, da ya ji uwata Bafulatana ce sai ya tafa hannu, ya samu abokiyar wasa.

"Alhamdu lillahi, Allah ya kawo mini baiwa har gida! Karɓi, baiwata, ki ɗanɗana abin da iyayen gidanki ke sha."

Na ce ba na shan shayi. Ya ce Fulani ai sai nono, ya miƙa wa na gaba. Kullum haka, finjalin ya zo gabana ya tsaya, in girgiza kai, ya wuce. Rannan Ramatu ta gaji.

"Tana sha, Baba. Kullum da safe sai ta sha a ɗaki, cikin kofinta. Bakinmu ne ba ta so."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Baba Isufu ya ci gaba da fifita gawayinsa. Daga ranar finjalin ya daina tsayawa a gabana, kuma bai sake ce mini baiwarsa ba. "Malama Bilkisu" ya koma kirana, da ladabi, kamar baƙuwa.

Da damina ta sauka zazzaɓi ya yi yawa, gilasai suka taru. Wata Litinin da hantsi ina kan jinin wani jariri sai na ji warin nan da na sani, kamar ana ƙona gashi. Da a gida ne da na nemi tabarma na kwanta. A nan sai na ce bari in ƙarasa wannan ɗaya tukuna, in lallaɓa bayan gida in kulle ƙofa.

Na farka a ƙasa, kwance ta gefe. Farar rigar Madam a naɗe ƙarƙashin kaina. Harshena yana zafi, gilasai a farfashe ko'ina. Sannan na ji sanyi a jikin zanena, na gane na jiƙa kaina. An lulluɓa mini wani zane daga ƙugu zuwa ƙafa, na Ramatu ne, tana durƙushe da siket ɗin ciki tana goge mini baki da kallabinta. Baba Isufu ya tsaya a bakin ƙofa ya ba mu baya, ya cika ƙofar da jikinsa, ina jin yana cewa da masu leƙe, "Ba komai, ku koma layi." Na rufe ido na yi kamar ban farfaɗo ba, domin ban san da wace fuska zan dube su ba.

Ramatu ce ta mayar da ni gida a tasi. Da muka shiga ɗaki na ga kallabin a hannunta, na ce, "Ki ajiye shi can, zan wanke da ruwan zafi. Ko ki jefar, zan saya miki wani."

Ta dubi kallabin, ta dubi kofina a kan taga. Na ga lokacin da ta gane.

"Wannan ne? Duk abin nan wannan ne?" in ji ta. "Ke Bilki, Allah ya shirye ki. Wata da watanni ina wanke hannu sau biyu kafin in taɓa tukunya. Har turare na saya, na ce ko wari nake yi. Na ce ko an gaya muku a can mu ƙazamai ne."

"Ba haka ba ne."

"To da na san yaya ne? Bakinki ciwo yake yi?"

Ta yarfe kallabin, ta ɗaura shi a kanta yadda yake, ta fita tana ƙunƙuni. Da ta dawo da koko ta dawo. Ta zuba mini a kofina, ta dangwarar a gabana, ba ta dube ni ba. Wata irin kunya ce ta kama ni, dabam da wadda na saba. Ban taɓa tunanin kofin nan yana iya cin mutuncin wani ba.

Kwana biyu ban fita ba. Na haɗa littattafaina a akwati. Na san yadda abin ke tafiya, za a yaba aikina, sannan a ce sai dai. Gara in tafi kafin a faɗa. Ranar Alhamis na wanke rigar Madam na goge, na ɗauki makullin durowata, na tafi mayarwa.

Ta karɓi rigar, ta bar makullin a hannuna.

"Zauna. Wane magani kike sha?"

Na fito da kwalin. Ta ɓare ƙwaya ɗaya, ta murje ta tsakanin yatsu, ta zama gari.

"Ke mai ganin ƙwayar zazzaɓi guda cikin jini, ba ki ga wannan ba?"

"Na gani, Madam."

"To?"

Ta miƙe ta ce in biyo ta. Har ofishin likita ta kai ni, ta tsaya a kaina. Likitan ya tambaye ni abin da ke damuna, na dubi Madam ko za ta faɗa, ta naɗe hannu ta kalli silin. A nan na furta kalmar, karo na farko, da murya ƙasa ƙasa har sai da ya ce in maimaita. Ya rubuta takarda kamar ciwon haƙori na ce masa.

A hanyar komawa take lissafa mini, tana tafe da sauri ina binta. Ba ni ba aikin dare. Ba ni ba kunna wutar gas ni kaɗai. Za a sauko mini da madubina kan gajeren teburi, nesa da kwalaben rini. In na ji alamar abin, in buga teburi sau biyu, akwai tabarma a bayan kabad. Gilasan da na fasa kuma, ranar Asabar zan zo in wanke sababbi.

"Kin ji?"

"Na ji, Madam."

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mai kantin Gumel ma ba shi ne ya ƙi ni ba, mutane ne. Madam tana iya ba ni teburi, ba ta iya hana a janye hannu in na miƙa gilashi.

Muna isowa ƙamshin gawayi ya tarye mu. Na yi niyyar shigewa ɗaki, ta kama hannun rigata ta ja ni gindin dogon yaro. Duk suna nan. Wata ma'aikaciya ta gan ni, ta tuna tana da aiki, ta tashi. Sauran suka matsa. Na zauna a bakin benci, Ramatu a hagu tana kallon wani wuri, Madam a dama.

Baba Isufu ya ɗaga buta sama, shayin ya zubo siriri, kumfa ta taso. Ramatu ta shanye nata ta mayar. Ya sake cikawa. Finjalin ya zo gabana ya tsaya.

Na buɗe jaka, na fito da kofina. Na ga wannan ita ce hanyar da ba za ta cuci kowa ba.

"Baba, zuba mini a nan."

Ya karkata kai yana duban kofin da jan zarensa.

"Wannan bokitin? Kai, Fulani! An ce muku nono ne? Shayina ba ya shiga bokiti, baiwata. Karɓi."

Bai janye hannunsa ba. Na ajiye kofin a ƙasa, na karɓi finjalin da hannu biyu, zafinsa yana cin yatsuna. Tambayar da nake ɗauke da ita tun daga rugar kakata ta fito da kanta.

"Baba, in na sha, wa zai sha bayana?"

Ya dube ni kamar bai taɓa jin tambayar banza irin wannan ba. Ya nuna Madam da haɓa, ita kuwa har ta gyara zama tana jira.

"Na kusa da ke mana," in ji shi. "Sha ki miƙo, yana hucewa."